ƘURI'A TA BIYU: DARASI A KAN ZAƁEN ƊAN MAJALISAR JIHA

  

Ya kai ɗan'uwa, ranar zaɓen jiha takarda biyu ake miƙa maka a rumfa, kamar yadda aka yi ran 18 ga Maris, 2023. Ɗaya ta Gwamna, ɗaya ta ɗan Majalisar Dokokin Jiha. Ta Gwamna kam, tun daga gida ka san inda za ka dangwala. To, ta biyun fa? Tsakaninka da Allah, ka san sunan wanda ka dangwala wa? Takardar ba ta ɗauke da sunan kowa, sai alamun jam'iyyu. Da yawa cikinmu aka ce mana "a yi sak", muka yi sak, muka koma gida. Wannan ƙuri'a ta biyu ita ce darasinmu na yau.

1. MENE NE AIKIN ƊAN MAJALISA?

Ka sani, Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ce kowace jiha za ta sami majalisa mai wakilai daga 24 zuwa 40. Kano tana da 40. Ba a aika su don su raba shinkafa da azumi ba. Ga aikinsu:

(a) Kuɗin jiha. Gwamna yana kawo kasafi, amma ba shi da ikon fitar da kuɗi daga asusun jiha sai majalisa ta amince. Watau maganin asibitin garinku, da rufin makarantar 'ya'yanka, da takin da kake jira da damina, duk sai sun bi ta gabansu.

(b) Naɗin kwamishinoni. Gwamna ya zaɓa, su kuma su tantance, su yarda ko su ƙi.

(c) Bincike. Suna da ikon kiran jami'in gwamnati ya zo ya yi bayanin yadda aka kashe kuɗi. Babban Mai Binciken Kuɗi na Jiha ma a gabansu yake ajiye rahotonsa.

(d) Yin doka da soke ta.

(e) Tsige Gwamna in ya aikata babban laifi. Kashi ɗaya cikin uku na wakilai su sa hannu a takardar tuhuma, Babban Jojin Jiha ya naɗa mutum 7 su bincika, sa'an nan kashi biyu cikin uku su yanke.

Ka gani ke nan, Gwamna doki ne, linzaminsa kuwa yana hannun majalisa. In ka zaɓi doki mai ƙarfi ka damƙa linzami ga barci, kada ka yi kuka ranar da ya shiga gonarka.

2. ABIN DA IDONMU YA GANI

A 1979 mutanen tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina a lokacin, suka zaɓi Alhaji Balarabe Musa na PRP ya zama Gwamna, amma rinjayen majalisa ya tafi ga NPN. Majalisa ta yi ta ƙin amincewa da sunayen kwamishinoninsa, har ya yi mulkinsa ba tare da su ba. Ran 23 ga Yuni, 1981 ta tsige shi, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya hau. Shi ne Gwamna na farko da aka tsige a ƙasar nan. Ƙuri'ar farko ta kawo shi, ta biyu ta sauke shi.

A Zamfara, dokar faɗaɗa Shari'a da aka yi shela da ita a Gusau a 1999, ta fara aiki a Janairun 2000, sai da ta bi ta majalisar jiha kafin Gwamna Ahmad Sani ya sa mata hannu.

A Kano, majalisa ce ta yi dokar da ta ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye a 2019. Majalisar da aka zaɓa a 2023 kuma ta soke dokar a Mayun 2024. Ba mu kawo wannan don mu ce wane ya yi daidai wane ya yi kuskure ba. Mun kawo ne don ka ga girman abin da mutum 40 ke iya ɗaurewa su kwance. Shin irin wannan kujera ce za ka ba wanda ba ka san ko sunansa ba?

3. ƘURI'A SHAIDA CE

Ɗan'uwa, sa'ad da ka dangwala wa mutum, shaida ka bayar cewa ka yarda ya riƙe dukiyar marayu da gajiyayyu da ta sauran jama'a shekara 4. Malamai kuwa sun lissafa shaidar zur cikin manya-manyan zunubai. Wanda ya karɓi taliya ko sabulu ko turmin atamfa ya shaidi mutumin da ya san maci amana ne, to ya sayar da shaidarsa. Taliya ta ƙare kafin Juma'a. Shi kuwa wanda ya saya, cikin kuɗin maganin asibitinku zai fanshe, har da riba.

Wani zai ce, "Malam, talauci ne." Gaskiya ne, yunwa ba ta da daɗi, kuma alhakin mai sayen ya fi nauyi. Amma a bayan labule kai kaɗai ne da Ubangijinka, ba wanda ya riƙe maka yatsa.

Wani kuma ya ce, "Ni ba ruwana da siyasa." A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba. Zaman sauran a gida bai hana a rantsar da kowa ba. In mutanen kirki suka noƙe, 'yan jagaliya ne za su zaɓa musu.

4. DA ME ZA KA AUNA ƊAN TAKARA?

A ƙissar Annabi Musa (A.S.) cikin Suratul Ƙasas, siffa biyu aka ambata ga wanda ya cancanci a ɗauka aiki: ƙarfi da amana. Ƙarfi a nan shi ne sanin aiki. Zai iya karanta kasafin kuɗi ya gane inda aka cusa ƙarya? Zai iya miƙewa ya ce wa Gwamnan jam'iyyarsa "a'a"? Amana kuwa, ka tambayi maƙwabtansa da abokan cinikinsa. Yana biyan bashi? Da aka ba shi kuɗin ƙungiya ko na ginin masallaci, ya kawo lissafi? In tsohon wakili ne mai neman komawa, sau nawa aka ji muryarsa a zauren majalisa? Kada yawan zuwa Umra ko saifin salla lokacin kamfe ya ruɗe ka. Sallarsa tasa ce, amanarsa kuwa taku ce. Kuma kada ka kafirta ɗan'uwanka ko ka yanke zumunci don ya bi wata jam'iyya.

5. BAYAN AN RANTSAR

Aikinka bai ƙare a rumfa ba. Ku haɗu, dattawan unguwa da matasa da mata, ku rubuta buƙatunku guda biyu ko uku, ku kai masa kafin a kawo kasafi. In an amince da kasafi, ku nemi sanin abin da aka sa wa mazaɓarku, ku je ku duba ko an yi. Ku daina zuwa ƙofarsa da kukan kuɗin suna da na biki, gama wanda ka roƙa da safe ba ka iya tuhumarsa da yamma. In ya ci amana ƙiri-ƙiri, doka ta ba da damar kiranye, sai dai hanya ce mai wuya, don sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, sa'an nan a yi ƙuri'ar raba gardama. Saboda haka gyara tun ran zaɓe ya fi sauƙi.

Aikin da muka ba ka daga wannan darasi: kafin Juma'a mai zuwa ka nemi sunan wakilin mazaɓarka, da jam'iyyarsa, da abu ɗaya da ya yi a majalisa. Ka sanar da iyalinka, don su ma za a tambaye su shaidarsu.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronSa, masu tausayin talakawa. Ya tsare mu daga shaidar zur. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, Allah Ya yafe mana.