Zafin Ruwa da Jinsin 'Ya'yan Karfasa: Shawarwari ga Masu Kiwon Kifi a Gida

Babu abin da ke ci wa mai kiwon karfasa tuwo a ƙwarya kamar yawan mata a tanki. Macen karfasa tana fara haihuwa tun tana ƙarama, ta riƙe ƙwai a bakinta kusan mako biyu ba ta cin abinci, ƙarfinta duk ya tafi a haihuwa. Kafin ka ankara tanki ya cika da ƙananan kifi waɗanda ba mai taya su a kasuwa. Namiji kuwa ci yake yi yana girma. Shi ya sa kowa ke neman maza, kuma zafin ruwan da 'ya'yan kifi suka tashi a ciki yana da hannu a wannan rabo.

1. Ka san kwanakin da abin yake faruwa. Karfasar da aka fi kiwo, wato ta kogin Nilu, tana gadon jinsi kamar ɗan Adam: mace XX, namiji XY. Sai dai ana ƙyanƙyashe ta ne gabobin haihuwarta ba su gama tsayawa ba. Daga wajen kwana 10 bayan barbarar ƙwai, daidai lokacin da uwa ke fara sakin 'ya'ya daga bakinta, zafi yana iya sauya musu hanya. A 1995 wani masani ɗan Faransa, Jean-François Baroiller, da abokan aikinsa suka nuna cewa riƙe 'ya'yan a ruwa mai zafin digiri 36 na ma'aunin Salshiyas yana mayar da da yawa daga cikin matan su zama maza. Dalili shi ne zafi yana danne wani sinadari a jiki mai suna aromatas, wanda ke samar da sinadarin mace. Idan ya yi ƙaranci, sai jiki ya gina gabobin namiji. Kwana goma a jere ake buƙata a ƙalla. Idan wannan lokaci ya wuce, kome zafin ruwa jinsi ya riga ya zauna.

2. Ka sayi ma'aunin zafi. Tsoma hannu ba ya bambanta 33 da 37, kuma a tsakanin nan rayuwar kifin take. A auna da asuba, a sake aunawa da la'asar, a tsakiyar ruwa ba a samansa ba.

3. Kada ka dogara da zafin bazara. Na san wani zai ce ai a Sakkwato ko Maiduguri rana kaɗai ta isa a watan Afrilu. Rana tana ƙona baƙin tankin roba da azahar, dare ya yi ruwa ya huce, alhali aikin yana son zafi tsayayye dare da rana. Abin da hawa da sauka ke jawowa shi ne wahala da mutuwa. A yi wa tanki rumfa, a ƙara zurfin ruwa, a riƙe shi tsakanin digiri 27 da 30, inda karfasa ta fi ci da girma. Da hunturu kuma a rufe tanki da dare, domin ƙasa da digiri 20 cin abincinta raguwa yake yi sosai.

4. Idan za ka gwada, ka gwada da kaɗan. Ware wani kaso na 'ya'yan a ƙaramin mazubi mai na'urar ɗumama ruwa da ke kashe kanta idan ta kai inda aka saita. A ɗaga zafin sannu a hankali, a tsaya a 36, kuma a sauke shi sannu bayan an gama. Ruwan zafi ba ya riƙe iskar oksijin da yawa: lita ɗaya tana ɗaukar wajen miligiram 8 a digiri 25, amma a 35 ba ta kai 7 ba, ga shi kifin ya fi buƙatar iska a lokacin. Gubar kashin kifi ma ƙaruwa take yi da zafi. Don haka na'urar hura iska dole ce, abinci kaɗan-kaɗan, ana kwashe saura. Gidan da wuta ba ta tsayawa kuma babu sola, shawarata ita ce ya haƙura da wannan hanya.

5. Ba kowane iri ke amsawa ba. 'Ya'yan wasu iyaye sukan fita kusan duka maza, na wasu kuwa zafi ba ya taɓa su. Halin gado ne, har masana a jami'ar Göttingen ta Jamus suka yi ta zaɓen iri mai amsawa. Ka rubuta iyayen da suka ba ka sakamako mai kyau.

6. Wannan ce na fi so a riƙe. Namijin da zafi ya samar namiji ne a jiki, yana girma kamar maza, yana barbara, amma a gado XX ne. Idan ka ajiye shi a matsayin uban garke, ya haɗu da mace XX, 'ya'yansu kusan duka mata za su fito, wato ka dawo da matsalar da ka gudu ninki biyu. Ido ba ya rarrabe shi da namiji na asali. Kifin da ya bi ta ruwan zafi na tukunya ne da kasuwa. Iyaye a ɗauko su daga waɗanda suka tashi a ruwa madaidaici, kuma mai sayen iri ya tambayi mai ƙyanƙyasa yadda ya samar da mazansa.

7. Akwai hanyar da ba ta cin wuta. Idan kifi ya kai giram 30, a juya cikinsa a duba ɗan tsiron da ke bayan dubura: na namiji ƙofa ɗaya gare shi, na mace biyu. Manyan gonaki kuwa sinadarin namiji suke gauraya wa 'ya'yan a abinci na mako uku zuwa huɗu, aikin da ba na tsakar gida ba ne inda yara da kaji ke yawo. Mai son koyo da kyau ya nemi malaman gona na jiharsa ko cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke New Bussa a jihar Neja.