Hadari da Ambaliya: Abin da Ya Kamata Kowane Magidanci Ya Sani

Jama'a, damina uwar albarka ce, babu mai musun wannan. Da ita gero da dawa suke yi, rijiyoyi su kawo ruwa, dabbobi su ƙoshi. Amma kusan kowace shekara, da Agusta ya kama sai a ji gidaje sun rushe, gonaki sun nutse, an yi hasarar rayuka. An rubuta wannan takarda ce don a bayyana muku yadda abin yake faruwa, da irin kariyar da ke hannunmu.

Daga ina hadari yake tasowa?

Ƙasarmu tana tsakanin iskoki biyu. Ɗaya busasshiya ce daga hamadar Sahara, ita ke kawo hunturu. Ɗayar mai laima ce, tana tasowa daga tekun Atilantika ta kudu maso yamma. In bazara ta yi nisa, sai ta teku ta rinjayi ta hamada, ta tura ta arewa. A lokacin ne za ku ga zufa ta tsananta, gumi ya ƙi bushewa a jiki, gishiri ya jiƙe a kwano, ashana ta ƙi kamawa. Duk alamu ne na cewa iska ta cika da laima.

In rana ta gasa ƙasa, iskar nan mai laima takan ɗumama ta tashi sama. Can sai ta yi sanyi ta zama gajimare, wanda yakan yi toroƙo har ya wuce kilomita 10. Shi ya sa hadari ya fi haɗowa da la'asar ko da dare. Yakan gangamo daga gabas kuwa saboda iskar da ke can sama daga gabas take kaɗawa. Guguwa da ƙura su riga shi isowa, sa'an nan ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

To, in kun ji rediyo ta ce an yi ruwa milimita 50, kada ku raina shi. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 zai zubo da lita 5,000, wato duro 25 cike. Gida ɗaya ke nan. Ku lissafa na unguwa guda, sa'an nan ku tambayi kanku: ina wannan ruwa zai bi? A ƙasar Kano fiye da rabin ruwan shekara a Yuli da Agusta yake sauka, lokacin da ƙasa ta riga ta ƙoshi, ba ta iya shan ƙari.

Abin da ya faru a baya

A Agustan 1988 madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle a Jihar Kano. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan 2 da muhallinsu. Ta 2022 ta ci rayuka sama da 600, ƙasar Haɗeja na cikin inda ta fi yi wa ɓarna. A Satumban 2024 madatsar Alau ta fashe, ruwa ya mamaye Maiduguri cikin dare, shekara 30 bayan irin wannan ta 1994. A wannan Satumban na 2024 dai ruwa ya rushe tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙasa da ya haura shekara 150 yana tsaye. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Laifin wa?

Saukar ruwa ikon Allah ne. Amma toshe masa hanya aikin mutum ne. Magabata ba su haƙa kududdufi a banza ba: sun ɗebi ƙasar gini a ciki, ramin kuma ya zama matattarar ruwan unguwa. Yau an cike kududdufai an yi shaguna, an yanka filaye a fadama, an kafa harsashi a kan kwari. Lambatu kuma ya zama juji, ledar ruwa da toka da tsumma duk a ciki. Ruwa ba ya mance hanyarsa. In ya zo ya tarar da gini a kai, sai ya shiga ɗaki.

Ginin ƙasa ta gindi yake mutuwa. Ruwan da ya kwanta a jikin katanga yakan jiƙa tubali sannu a hankali, har marka ta zo ta kwana biyu tana zuba, katanga ta zube kan masu barci.

Kafin ruwa ya sauka

1. Tun da bazara a yi yaɓe, a gyara indararo, a duba azara ko gara ta ci.
2. A buɗe rariya, a cike gindin katanga da ƙasa yadda ruwa zai gangara waje.
3. A ƙara wa kwano ƙusa, a sare reshen da ya rufa kan ɗaki.
4. Kada a sayi fili sai an tambayi dattawan wurin inda ruwa yake bi da damina.
5. A saurari sanarwar hukumar hasashen yanayi, NiMet, da ta kula da koguna, NIHSA, waɗanda sukan faɗi tun farkon shekara wuraren da ake jin tsoro. In hukuma ta ce a tashi daga bakin kogi, a tashi.

In hadari ya taso

1. A shigar da yara gida. Manomi da makiyayi kada su fake ƙarƙashin itace, domin aradu ta fi faɗa wa abu mai tsawo. In tsakanin walƙiya da tsawa bai wuce daƙiƙa 3 ba, to, ba ta fi kilomita 1 daga inda kake ba.
2. Kada a ratsa ruwa mai gudu. Wanda bai kai gwiwa ba ma yakan kayar da ƙato, ya ja babur.
3. In ruwa ya shigo gida, a kashe wutar lantarki, a nisanci wayar da ta faɗi.
4. Ɗakin da ya tsage kada a kwana a cikinsa. A fara fitar da yara da tsofaffi zuwa tudu, kaya su biyo baya.

Bayan ruwa ya janye

Ambaliya takan haɗa masai da rijiya, daga nan sai amai da gudawa. A tafasa ruwan sha. Wanda ya kamu a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a kuma garzaya da shi asibiti. A malalar da ruwan da ya kwanta, a kwana cikin gidan sauro.

Abu na ƙarshe shi ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ka yashe lambatun ƙofar gidanka maƙwabcinka bai yashe nasa ba, ruwan gidanka zai dawo. Saboda haka masu unguwanni da dagatai su sa ranar gayya kafin ruwan fari, limamai su yi shela a masallatai, kowane gida ya fito da shebur da baro. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kiyashe mu sharrinta, amin.