Ba Gara Ce Ta Kashe Maka Dashe Ba

Da zarar bazara ta kama, ƙorafin da ake kawo mini iri ɗaya ne: "Malam, na dasa mangwaro mai aure a gona, kullum ina ba shi ruwa, amma gara ta cinye shi." In ka tambayi yawan ruwan, sai a ce moɗa ɗaya ko biyu kowace safiya, wai don rijiya na da nisa.

To, wannan yayyafin na kullum shi ne ya kashe dashen. Ruwan moɗa saman ƙasa kawai yake jiƙawa, balle a jigawa, kafin azahar rana ta shanye shi. Saiwa kuwa danshi take bi, sai ta yi zamanta a sama, ta ƙi nutsawa. Ranar da mai kura bai zo ba, a zafin Afrilu, kwana biyu ma sun isa ganye ya langwaɓe. Gara ta tarar da itace ya galabaita ne, ta ƙarasa aiki. Na gaji da faɗa: ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi ɗan ɗigo kullum.

Tara ruwan da kake rarrabawa. Jarka mai lita 25 ga kowane dashe, sau ɗaya a mako a ƙasa mai laka, sau biyu a jigawa, da yamma. Yi kwari zagaye da shi, ruwan ya kwanta a gefe, kada ya riƙa taɓa gindi, don jiƙa gindi kullum ruɓar da shi yake yi.

In gona ta yi nisa sosai, binne tulun ƙasa har wuya kusa da dashen, ka cika shi, ka rufe bakin saboda sauro. A hankali zai riƙa tsatsafowa inda saiwa take. Sannan ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓuntun shinkafa, ka bar tazarar tafin hannu daga gindi. Furen da mai aure ya fitar a shekarar farko, tsinke shi, bai kai ɗaukar 'ya'ya ba.

Su kuma masu bikin dashe a ƙarshen Agusta, a ɗauki hoto a watse, su daina ɗora wa gara laifi. Kashu ko mangwaro, a dasa da zarar damina ta zauna, ya sha ruwan sama wata uku kafin hunturu. Wanda ruwansa na dashe goma ne, kada ya dasa hamsin.