Ɗan wasan da ya bugu a kai, kada ya koma fili a ranar

Aikina kula da lafiyar 'yan wasa ne, a bakin filin ƙwallo, wani lokaci kuma a gidan dambe. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne yaron da aka yi karo da shi, ya faɗi, ya miƙe yana kakkaɓe ƙasa yana cewa, "Oga, ba komai, lafiyata ƙalau." Wanda ya suma kowa ya gan shi, da gudu ake kai shi asibiti. Wannan kuwa tafi ake yi masa, a ce namiji ne.

Ƙwaƙwalwa taushi gare ta, ƙoƙon kai kuwa ƙashi ne. In kai ya bugu da ƙarfi, takan jijjiga ta daki ƙashin ta ciki, kuma akasarin waɗanda hakan ta same su ba sa suma. A wasan ƙarshe na cin kofin duniya na 2014, Christoph Kramer na Jamus ya bugu a kai, aka bar shi ya ci gaba, har ya je yana tambayar alƙalin wasa ko wannan ne wasan ƙarshe. In an yi haka gaban manyan likitoci a Brazil, ina ga filin unguwa?

Shi ya sa ba na tambayar yaro ko lafiya, don na san amsarsa. Cewa nake, "Wane fili muke? Da wa muke bugawa? Wa ya ci ƙwallon ƙarshe?" In ya tsaya yana kallona ido a sake, ko ya tashi yana tangaɗi, wasansa na ranar ya ƙare, ko koci zai yi fushi.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Tsakanin ido da kunne ƙashin kai ba kauri, kuma jijiyar jini na bi ta ƙarƙashinsa. In ta tsage, jini kan taru a hankali yana danne ƙwaƙwalwa, alhali yaron na hira, har ya ci tuwonsa. Bayan 'yan sa'o'i sai ciwon kai ya yi ta ƙaruwa, ga amai a kai a kai, ga barcin da ba ya tasuwa. Wani hannu ko ƙafa ta mutu masa, wani ya yi jijjiga, wani jini ko ruwa ya fito masa ta kunne ko hanci. Ko ɗaya aka gani, a nufi asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, ba sai gari ya waye ba.

Don Allah a daina fizgo wanda ya faɗi ta hannuwa ana watsa masa ruwan leda, domin wataƙila wuyansa ma ya taɓu. Kada a ba shi ibuprofen ko diclofenac ko aspirin, suna iya ƙara zubar jini; paracetamol ya isa. Ya huta awa 24 zuwa 48, sannan ya dawo motsa jiki kaɗan-kaɗan, da izinin likita. Bugu na biyu kafin na farko ya warke yana iya kumbura ƙwaƙwalwa har a rasa rai. Tun 2024 dokokin ƙwallon ƙafa suka ba masu shirya gasa damar ƙara canji ɗaya saboda bugun kai kawai.

Masu gidajen dambe, wanda aka kashe da naushi a kai, a kwance masa hannu, komai zugar makaɗi. Iyaye kuma, in yaronku ya dawo ya ce ya bugu a kai, kada ya kwana shi kaɗai a daren.