Yadda mai garka zai tsare sunansa daga bashin da bai ci ba

A Dabaga, kimanin kilomita 45 daga Agadas, mai garka ya san yadda ake kare albasa daga awaki da ambaliyar ƙoramar Telwa, amma da wuya ya kula da sunansa, alhali da sunan ake ba shi rancen iri da taki da injin ban ruwa. A da ɗan kasuwa fuska yake kallo, ya san mahaifinka, ya san garkarku. Yau banki takarda yake dubawa. A 2016 aka buɗe ofishin tattara bayanan bashi na ƙasashe 8 na Afirka ta Yamma masu kashe sefa, har da Nijar, wanda kamfanin Creditinfo ke gudanarwa daga Abijan, ƙarƙashin sa idon babban bankin BCEAO. Bankuna da asusan ba da ƙananan rance suna tura masa bayanin wanda ya ci bashi, da wanda ya biya, da wanda ya noƙe. Duk wanda ya yi sojan gona da katinka ya ci bashi bai biya ba, kai aka rubuta. Kuma a ganina ƙofar wannan ɓarna a ƙauye tana kusa, a hannun wanda ka miƙa wa takardunka da kanka.

Saboda haka aikin farko kan fotokofi ne. Idan ƙungiyar manoma ko wani shirin tallafi ya nemi hoton katinka na ɗan ƙasa, kada ka ba da shi fari fat. Ka sa a rubuta da biro a kan hoton, rubutun ya ratsa gefen katin ba tare da ya rufe suna ba: an bayar don kaza, ga wane, ran kaza. Fotokofin da aka rubuta masa “don karɓar irin dankali” ba zai yi saurin shiga takardun neman rance ba. Katin kansa kuwa kada ya kwana a hannun kowa, ko shugaban ƙungiya ne.

Na biyu shi ne sa hannu, kuma nan ne aka fi cutar mutane. Takardun banki da Faransanci suke zuwa, masu garka da yawa kuwa Tamashek da Hausa suke ji, sai a ce musu su dangwala yatsa, sauran a cike daga baya. Takardar da ba a rubuta adadin kuɗi da ranar biya a kanta ba, ba a dangwala mata. Ka zo da naka mai karatu, ɗanka ko malamin makaranta, ya karanta maka a gaban ma'aikacin, ka tambaya ko kai ne mai cin bashin ko mai tsaya wa wani. A rancen ƙungiya ana yawan ɗaure mutane da sharaɗin cewa in ɗaya ya gaza sauran su biya. Wannan ba zamba ba ce, amma wanda ya shiga bai sani ba zai ji ta kamar zamba. Kafin ka tashi, ka karɓi kwafinka.

Layin salula ma ya zama da sunanka aka yi masa rajista, lambar sirri ta Airtel Money ko Zamani Cash kuma ba a faɗa wa mai kira, ko ya ce daga kamfani yake. In kati ko salula ta ɓata, ka je wurin jandarmomi ko ƴan sanda a ba ka takardar shaidar ɓata mai ɗauke da kwanan wata, ka sa a rufe layin. Wannan kwanan watan shi zai wanke ka in aka ci bashi bayansa.

Wani zai ce shi bai taɓa cin bashin banki ba, yana gudun riba. To, irin sunansa mai sojan gona yake nema, sunan da babu tabo kuma mai shi ba ya bincike. Wani kuma zai ce wannan rashin yarda ne da ƴan'uwa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma tsakanin muminai. Zumuncin da bashin ɓoye ya raba ya fi wuyar ɗinkewa.

Saura dubawa. Doka ta ba kowa damar ganin rahoton bashinsa kyauta sau ɗaya a shekara, da damar ƙalubalantar abin da ba daidai ba. Gaskiya ne babu wanda zai bar ban ruwa ya tafi Agadas don takarda kawai, to a haɗa da tafiyar kai albasa kasuwa. Ka shiga bankin ko asusun da kake hulɗa da shi da katinka, ka nemi a nuna maka hanyar samun rahoton. In ka ga bashin da ba ka sani ba, kada ka tsaya kan musun baki. Ka rubuta ƙorafi ga wanda ya ba da rancen da kuma ofishin bayanan, ka nemi ganin sa hannun da aka yi da sunanka, a buga hatimi a kwafinka, sannan ka kai ƙara wurin jandarmomi tare da takardar shaidar ɓata in kana da ita.