Ruwa, Ƙota da Kube: Hanyar Tantance Asalin Tsohuwar Wuƙa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake gano ƙasar da tsohuwar wuƙa ta fito. An nuna cewa sau da yawa sassanta ba su fito daga wuri ɗaya ba, don haka wajibi ne a nazarci kowane sashe shi kaɗai kafin a yanke hukunci.

1.0 Gabatarwa

A fadodi da gidajen adana kayan tarihi akan tarar da wuƙaƙen da aka jingina wa wata ƙasa bisa tambarin da ke jikinsu kawai. Irin wannan kuskure yakan gurɓata tarihin fatauci, ya kuma tauye wa maƙera da dukawan gida haƙƙin aikinsu.

2.0 Sigar Ƙota da Kube

Ƙota da kube su ne suka fi bayyana al'ummar da ta yi amfani da wuƙa, domin kowace al'umma da yadda take rataya makaminta. Jambiyar Yaman gajeruwa ce mai faɗi da lanƙwasa, akwai tudu a tsakiyar ruwanta, ana kuma soke ta a ɗamara ta gaban ciki. Mafi daraja a cikinsu ita ce mai ƙotar ƙahon karkanda. Hanjar ta Oman, wadda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun gado a 2022, ta yi kama da ita, sai dai kubenta ya karye kamar kusurwa, yana ɗauke da zobban azurfa. Kummiyar Maroko siririya ce, kan ƙotarta a baje kamar wutsiyar ɗawisu, kuma da igiya ake rataya ta a kafaɗa. Wuƙar hannu ta Azbinawa, wato telek, miƙaƙƙiya ce, ƙotarta mai siffar gicciye, kubenta kuma haɗe da zoben da ake zura hannun hagu.

3.0 Matsalar Ruwan Wuƙa

Ruwan wuƙa kayan fatauci ne, yakan yi tafiyar da ƙota ba ta yi ba. Binciken Bivar (1964) a kan makaman Arewacin Nijeriya da na Briggs (1965) a kan takubba da wuƙaƙen Azbinawa sun nuna cewa an shigo da ruwan takubba daga Turai ta hamada, ciki har da na Solingen a Jamus, aka yi musu ƙota da kube a gida. Idan takobi ya karye kuwa, maƙeri kan wasa guntun ya mayar da shi wuƙa. Ana gane wannan idan kwarin da ke tsakiyar ruwan ya zarce har tsini, maimakon ya ƙare kafin nan.

Tambari ma ba hujja ba ce yankakkiya. Da masu saye suka ɗauki hoton kyarkeci mai gudu da na jinjirin wata biyu a matsayin shaidar inganci, sai maƙeran gida suka riƙa kwaikwayon su. Saboda haka dole a gwada zurfin tambarin da daidaituwarsa da na wasu ruwan da aka tabbatar da asalinsu.

4.0 Matakan Tantancewa

Manazarci ya fara da auna tsawo da faɗi, sannan ya duba ko ruwan ya zauna daidai a kubensa, domin kube kan lalace a sauya shi. Sai ya nazarci jimar fata da ɗinki da zanen ado, ya kuma tattara tarihin baka daga magada. Kada a goge tsatsa ko dattin azurfa kafin a ɗauki hoto, domin wata shaidar a cikinsu take.

5.0 Kammalawa

Tambayar “wuƙar wace ƙasa ce?” ta ƙunshi tambayoyi uku: ina aka ƙera ruwan, ina aka haɗa shi da ƙota, su wa suka rataya ta? Wuƙar da ruwanta na Jamus ne, amma maƙerin Agadas ya yi mata ƙota, ta Azbin ce mai ruwan Turai, kuma haka ya kamata a rubuta a kundin kayan tarihi.