Zanen Fure Da Fentin Ruwa

Duk wanda ya ratsa Kantin Kwari a Fagge zai ga furanni birjik a jikin atamfa. Amma a tambaye shi furen wane tsiro ne, sai ya yi shiru, domin mai zanen atamfa ado kawai yake nema. Zanen masana tsirrai dabam yake. Ana yinsa ne don wanda bai taɓa ganin tsiron ba ya shaida shi idan ya tarar da shi a daji. Wannan kuwa ba abin wasa ba ne a ƙasar da ake shan saiwa da ganye don magani, ga kuma irin su zaƙami masu juya hankali.

A Turai akwai wani fure da ake kira airis, wanda masu wannan sana'a ke ji da shi ƙwarai. Wani gwani, Pierre-Joseph Redouté, ya zana shi iri-iri da fentin ruwa a Faransa, aka buga cikin littafinsa Les Liliacées tsakanin 1802 da 1816. Airis ba tsiron ƙasarmu ba ne, amma muna da 'yar'uwarsa, watau rumana, mai ganye kamar takobi, wadda ke tsirowa a daji da damina. J. M. Dalziel ya sa sunanta cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916.

To, ɗan'uwa, fenti da buroshi da takarda mai kauri duk ana samunsu a kantunan littattafai na Sabon Gari. Kafin ka taɓa fenti, ƙidaya tukuna. Furen rumana ɓangare 6 ne, na zoɓorodo 5. Wanda ya ƙara ɗaya don ya yi kyau ya yi wa tsiron ƙarya.

Ka fitar da siffar da fensir, sa'an nan ka shafa launi mai haske, ruwa-ruwa. Bari ya bushe kafin ka ɗora mai duhu, gama duhu yana rufe haske, amma haske ba ya rufe duhu. Inda kake son fari, bar takardar yadda take. Da hunturu sai ka hanzarta, don fenti yakan bushe tun buroshi bai kai gefe ba, ya bar tabo.

Iyayenmu masu ganin zane shiririta ce su tuna, a jarrabawar ilmin halittu ana ajiye wa yaro ganye ko fure a ce ya zana. Saboda haka kada ka manta da saiwa da 'ya'ya, kuma ka rubuta sunan tsiron, da inda ka tsinko shi, da kwanan wata a ƙasan takarda.